Huhun Goro a Ƙofar Mata

Ummuhani taubashiyata ce, 'yar kawuna, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta ina da izini tun daga kakanni. Ni sunana Badamasi, direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Djougou da Parakou. Ita kuwa in ka shiga unguwar Titirou ka ce a nuna maka gidan matar Mansour makanike, sai an tsaya tunani. Ka ce Ummu Mai Ƙofa, ko makaho zai kai ka.

Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, sai Innata, Fatimatu Zahra, wadda take gwaggonta, ta ɗauke ta. Gida ɗaya muka tashi a Djougou, gidan fataken goro tun zamanin da ake kawo shi a kan jakuna. Na girme ta, amma ba na ɓoye wa kowa cewa ta sha zaune ni a tsakar gida har sai Inna ta zo ta ɗaga ta. Allah ya ba ta jiki, ya ƙara mata da murya. In ta kira sunanka daga bakin rijiya, mai irin sunanka a unguwa ta gaba ma sai ya amsa.

Tsaron ƙofa ba wanda ya koya mata. Duk ranar da aka sauke goro a zaure, yaran unguwa sukan cika ƙofa suna neman tsintuwa, ita ce take raba ƙafa ta tsaya, ba mai wucewa. Da ta girma abin ya koma gidajen biki da suna. Inda duk aka ga taron mata zai fi ƙarfin masu gida, sai ka ji an ce a aika a kira Ummuhani. Ba ta zagi, ba ta hankaɗa mutum. Sai dai ta dube ki ta kira sunan uwarki da na kakarki, ta tambaye ki ko a gidanku haka ake shiga ɗakin mutane. Mata da yawa sun koma baya da kansu don kada ta kai ga sunan kakan kaka.

Bayan ta yi aure ta koma Parakou, sana'arta shinkafa da wake ce da safe a bakin tasha. Wata rana wani kamfanin masu tsaro ya rasa yadda zai yi da matan unguwanninmu, don sun ce namiji ba zai taɓa jakarsu ba, balle ya zagaya su da sandar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Aka ce musu akwai wata a Titirou. Tun daga nan duk babban taro sai a ba ta riga mai ƙyalli, wadda suke kira jile, a ba ta sandar, a kafa mata tebur a ƙofar mata. Jilen bai taɓa rufuwa a jikinta ba, amma ranar da ta fara saka shi sai da ta zagaya unguwa a ƙafa, wai tana neman canjin hanya. Abin da take alfahari da shi ɗaya ne: ba a taɓa wuce ta da abu a ɗaure ba. Yayar mijinta ma sai da ta zazzage jaka a gabanta, suka yi wata guda ba sa ga maciji.

To, sai ga babban taron da wata jam'iyya ta shirya a Parakou, inda za a miƙa tuta ga 'yan takararta na arewa gaba ɗaya, manya za su zo daga Cotonou. A cikin waɗanda za a ba tutar akwai Muhammad Nur, ɗan unguwarmu a Djougou, wanda Inna har gobe Nuru take ce masa. Mahaifiyarsa, marigayiya Halimatus Sa'adiya, aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata. Kafin ta rasu ta riƙe hannun Inna ta ce, duk ranar da aka ɗaga Nuru a gaban jama'a, ta kai masa goron gida da hannunta, a madadinta. Inna ta ce ta ɗauka. Shekaru suka wuce, Nuru ya koma Cotonou, ganinsa ya zama sai a allon hoto a bakin titi, amma Inna ba ta manta ba.

Ana saura kwanaki taron ta zauna ta zaɓi goro da kanta, marsa zalla, manya-manya, fari da ja, ta jera shi cikin ganye ta yayyafa ruwa, ta naɗe da algarara, ta ɗaure ƙaramin huhu da igiya. A gidanmu akwai ka'ida a kan irin wannan goro. In an ɗaure shi da sunan mutum, shi kaɗai zai kwance. In wani ya kwance a hanya, ko da leƙawa ce ya yi, ya zama goron kasuwa, ba a kai wa mai shi kuma, abin kunya ne.

Da na ga huhun sai na buga wa Ummuhani waya. Ta ce, "Badamasi, ka gaya wa Gwaggo kada ta zo da shi. Wallahi ko kwalbar ruwa sai an buɗe. A kai masa gida daga baya."

Na gaya wa Inna. Ta dube ni kamar na zo mata da labarin wani gari.

"Wa ke ƙofar?" in ji ta.

"Ummuhani."

"To, mene ne abin magana?"

Na ce ai ita ce ta aiko da saƙon. Inna ta ce Sa'adiya ba ta ce a kai gida ba, a gaban jama'a ta ce, kuma yarinyar da ta goya a bayanta ba za ta sa hannu a igiyarta ba. Ta juya ta ci gaba da jan carbi. Duk wanda ya san Inna ya san an rufe maganar ke nan.

Ranar taron muka taso da sassafe, motata cike da matan unguwa cikin anko, matata Latifa na rungume da huhun a cinya kamar jariri. Tun daga fitowa gari suke waƙa suna tafi, ni ma na kasa riƙe kaina ina taya su da oda. Hanya ta cika da motoci masu tutoci, kowa ya wuce kowa sai an yi guɗa. Inna a gaba kusa da ni, ta sha sabon mayafi, tana murmushi ita kaɗai. Rabon da in ga fuskarta haka na manta.

Parakou kuwa ranar ba ta shiguwa. Daga unguwar Guéma muka fara tafiyar kunkuru. 'Yan zem, masu haya da babur, sun yi ayari suna ta oda, wasu a tsaye a kan babur suna kaɗa tuta. Makaɗan ƙabilar Baatombu da manyan gangunansu a gefe guda, 'yan kalangu a wani gefe, Fulani da malafunansu suna kallon kowa, masu sayar da ruwan leda suna ratsa mutane da gudu. Ƙarar lasifika daga filin taron tana dukan ƙirji tun kana nesa. Na ajiye mota inda 'yan sanda suka ce, muka ƙarasa a ƙafa, jikina har tsuma yake don daɗi.

An tsara shiga da shingayen ƙarfe, bariye, layin maza a dama, na mata a hagu, kowane layi siriri, mutum ɗaya sai na bayansa. Na bi layin maza ina daidaita tafiyata da ta Inna, ƙarfe ne kawai a tsakaninmu. Can gaba na hango Ummuhani, jile a buɗe, gumi na zuba, sanda a hannu, tana aiki tana ba da dariya.

"Hajiya, wannan almakashin fa, ɗinki za ki yi wa minista? Ajiye a nan. Avancez, ku matso gaba. Ke mai jan ɗankwali, na san uwarki, bi a hankali."

A gefen teburinta akwai babbar roba cike da abin da ta ƙwace: wuƙaƙen yanka albasa, reza, almakashi, har da muciya. Ina kallonta ina jin wani irin alfahari, ko da yake ba zan taɓa gaya mata ba.

Sai layi ya kawo Inna. Latifa ta sauke huhun a kan tebur, Inna ta ɗora tafin hannunta a kai. Dariyar Ummuhani ta ɗauke. Ta rusuna ta gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi hanya, sannan ta rage murya, abin da ban san ta iya ba.

"Gwaggo, na ce kada a zo da shi."

"Na ji. Ga ni na zo. Matsa in wuce."

"Ba zai shiga a ɗaure ba, Gwaggo."

"Ni ce na ɗaure shi, Ummu. Me kike tsammani na sa a ciki? Abin da zai cuci ɗan Sa'adiya?"

Shugaban masu tsaron, wani dogon mutumin Nijar da suke kira Shef Yahouza, ya matso. Mutum ne mai ladabi, ya cire hula ya gaida Inna. Ya ce, "Mama, pardon, doka ce, ba don ke aka yi ta ba. Ko a buɗe, ko a ajiye a ƙarƙashin tebur, in an tashi ki ɗauka." Inna ta ce hannunta ba zai bar kan goron nan ba sai a hannun Nuru. Komawa baya kuma babu hanya, don layin ya cushe da mata har inda ido ya kai.

Ana cikin haka jiniya ta tashi daga babban titi. Wani ya ce manya sun iso, maganar ta bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Na can baya, waɗanda ba su san abin da ya tsayar da layi ba, suka fara turowa. Na ga matan da ke bayan Inna sun manne da juna, na ga bariye ya fara kwantawa ta wajenmu, muka sa kafaɗa muka tare. Wata mai goyo ta kwance ɗanta ta ɗaga shi sama da kanta tana salati. Latifa ta rungume Inna ta baya don kada a danne ta da bakin tebur. Daɗin da nake ji tun safe ya gudu, tsoro ya kama ni sosai.

Shef Yahouza ya ce, "Madam Ummu, in ba a motsa yanzu ba zan rufe ƙofar."

"In ka rufe, na gaba za su mutu a jikinta," in ji Ummuhani. Ta juya ta buɗe murya gaba ɗaya. "Reculez! Ku ja baya, don girman Allah!"

Ba wanda ya ji. Ganguna da jiniya da lasifika sun haɗiye muryar da muke tsoro tun muna yara. Ta sake gwadawa, a banza. Ta dubi Inna, Inna ta dube ta, hannu na nan a kan huhu.

"Gwaggo, ki yafe mini," ta ce.

Ta ɗaga hannun Inna a hankali ta ajiye gefe, ta zari wuƙa daga cikin robar, ta yanke igiyar. Ganye ya buɗe, goro ya bayyana yana sheƙi, ƙanshinsa ya taso har inda nake. Inna ta kau da kai. Na so a ce ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauka shi ke nan, an ga goro ne, za a wuce. Amma turin bai tsaya ba, don na baya ba su san an buɗe komai ba. Sai na ga Ummuhani, da wannan jiki nata, ta taka kujera ta haye kan tebur. Teburin ya yi ƙara, Shef Yahouza ya riƙe ƙafarsa da hannu biyu. Ta cika tafukanta da goro ta ɗaga sama yadda kowa zai gani. Na ce a raina wannan mata ta haukace, ai raba abu a cikin turmutsutsu ƙara wa wuta mai ne.

Ashe ba watsawa za ta yi ba. Ta sunkuya ta zuba a tafin matar da ke gaba, ta ce, "Ɗauki ɗaya, miƙa baya. Goron marigayiya Halimatus Sa'adiya ne, a yi mata Fatiha. Faɗa wa ta bayanki." Ta sake ciko hannu ta ba ta kusa da ita, ta maimaita. Ta miƙo mana ta saman ƙarfe mu ma, ta harare ni ta ce, "Kai kuma tsaya nan kana kallona kamar rago."

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba a karɓar goron mamaci da hannu ɗaya, ba a kuma wawarsa. Matar farko ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta miƙa wa ta bayanta, ita ma ta juya. Na haye kan bariye ina riƙe da kafaɗar wani don in gani. Maganar ta riga goron gudu. Ina ganin kawuna suna juyawa layi bayan layi, ina jin sunan yana tafiya baya, Sa'adiya, Sa'adiya, a yi mata Fatiha, goro na zuwa, ku tsaya inda kuke. Tafuka suka fara tashi sama. Matan da ɗazu suke tura bayan na gabansu yanzu hannuwansu biyu na buɗe a gaban fuska. Har waɗanda ba Musulmi ba, da suka ga na kusa da su sun tsaya, suka tsaya. Bariyen da muke tarewa ya saki kafaɗunmu.

Ban taɓa jin amin irin ta ranar ba. Ta taso daga can ƙarshen titi ta gangaro har bakin ƙofa, na tsinci kaina ina dariya hawaye na zuba. Shef Yahouza bai ɓata lokaci ba, ya ruga ya sa aka buɗe babbar ƙofar motoci da ke gefe, ya ja 'yan sanda mata suka kafa wani wurin bincike. Layi ya rabu biyu, mai goyo ta mayar da ɗanta baya, aka ci gaba da shiga ana taunar goro. Ummuhani ta sauko daga tebur ta ɗauki sandarta. Huhun ya ƙare tas, sai ganye.

Inna ba ta shiga ba. Ta tattara ganyen da algarara da guntayen igiya, ta jira hanya ta yi sauƙi, ta fita. Na fice daga layina na bi ta. Muka zauna a gindin wani mangwaro a tsallaken titi, ni da ita da Latifa. Daga nan muka ji an kira sunan Muhammad Nur a lasifika, fili ya ɗauki tafi da guɗa kamar zai tsage. Inna tana ta shafa ganyen tana jera su ɗaya kan ɗaya a cinyarta. Haushi ya cika ni, na taron, na dokar, har na Ummuhani, ko da yake na san ba ta da wata hanya.

Sai da kowa ya gama shiga sannan Ummuhani ta tsallako. Ta cire jilen tun daga nesa ta riƙe a hannu. Matar da ɗazu ta tsayar da rabin Parakou ta zo ta durƙusa a ƙasa gaban Inna, kanta a sunkuye. Ta san abin da ta yanke ba ya ɗauruwa, ta kuma san Inna ba ta da shekarun jiran wani taron.

Inna ta ɗaga guntun igiya ta nuna mata.

"Da wuƙa, Ummu? A gidanmu kika ga ana yi wa huhu haka?"

"Gwaggo, na karya miki alkawari. Ki yafe mini."

"Yi mini shiru."

Ganguna na ta tashi a cikin fili. Inna ta daɗe tana kallon titin da mata suka cika ɗazu, wanda yanzu ba kowa sai takalman da aka zubar da ledojin ruwa.

"Ranar sadakar ukun Sa'adiya ruwa aka wuni ana yi," in ji ta. "Mu da muka je ko tabarma ba mu cika ba. Abin ya daɗe yana cina. Yau na ji sunanta a bakin mutanen da ban ga ƙarshensu ba."

"Amma Nuru bai samu ba, Gwaggo."

"Nuru ga masu tafa masa can, ba ki ji ba? Ɗan na zo kai wa, ke kika kai wa uwar."

Nan Ummuhani ta fashe da kuka, irin na yara, da shessheka da majina. Tunda nake da ita ban taɓa gani ba, kuma ko tsokana ɗaya ta kasa zuwa bakina. Inna ta jawo kanta ta goge mata fuska da bakin sabon mayafinta, ta karɓi jilen daga hannunta ta kakkaɓe ƙurar, ta miƙa mata.

"Tashi ki saka, ki koma ƙofarki. Yanzu za su fito, kada su tattake juna."